Gidan Tarihin Gustave Moreau da ke Paris: Sharhi a kan abin da mai ziyara zai samu

A lamba 14, titin La Rochefoucauld, cikin gunduma ta 9 ta birnin Paris, akwai wani gida wanda mai wucewa ba lallai ne ya ɗaga kai ya kalle shi ba, domin fuskarsa ba ta bambanta sosai da ta gidajen da ke maƙwabtaka da shi. A cikinsa ne Gustave Moreau, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Faransa na ƙarni na 19, ya zauna ya kuma yi aiki na tsawon shekaru sama da 40, kuma shi da kansa ya mayar da gidan wurin adana ayyukansa kafin rasuwarsa. Hukuncina a kansa tun daga farko shi ne, wuri ne da ya cancanci kuɗin shiga da wahalar hawan bene, amma ba ga kowa ba, kuma ba domin dalilin da yawancin masu ziyara suke zuwa da shi ba. Wanda ya zo neman shahararrun zane-zanen da ya saba gani a intanet zai tarar da cewa yawancinsu suna wasu wurare. Wanda ya zo domin ya ga yadda mutum ɗaya yake tunani da hannunsa, tun daga layin fensir na farko har zuwa aikin da ya gagara ƙarewa, da wuya ya sami wani gidan tarihi a Paris da zai ba shi abin da wannan yake bayarwa.

An haifi Moreau a Paris a ranar 6 ga Afrilu, 1826. Mahaifinsa Louis mai zanen gine-gine ne, kuma shi ya sayi wannan gida a 1852. Ɗan ya shiga makarantar koyon zane ta École des Beaux-Arts a 1846, ya nemi babbar kyautar Prix de Rome har sau biyu bai samu ba, sa'annan ya fi karkata ga abokinsa mai zane Théodore Chassériau, wanda mutuwarsa a 1856 ta girgiza shi ƙwarai. Daga 1857 zuwa 1859 ya zauna a Italiya yana kwafar ayyukan magabata a Roma da Florence da Venice da Naples, kuma a can ya yi abota da matashin mai zane Edgar Degas. Sunansa ya fito a 1864, lokacin da ya kai zanen Oedipus da dodanniya Sphinx babban baje kolin shekara-shekara da ake kira Salon, aka ba shi lambar yabo, Yarima Napoléon kuma ya saya. Wannan zane yanzu yana gidan tarihin Metropolitan a New York. Zanen Salome tana rawa a gaban sarki Hirudus, na 1876, yana Los Angeles, na Hercules da macijiya mai kawuna da yawa yana Chicago, na yarinyar da ke ɗauke da kan Orpheus kuma yana gidan tarihin Musée d'Orsay da ke Paris. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a faɗa wa duk mai niyyar zuwa, domin abin da Moreau ya kammala ya sayar ya bar gidan, abin da ya rage a hannunsa kuwa shi ne wanda bai yarda ya ƙare ba, ko wanda bai yi domin kasuwa ba.

Ana lissafa shi cikin jagororin salon zanen ishara, wato abin da Faransawa suke kira Symbolisme, kodayake ya fara aikinsa tun kafin marubuci Jean Moréas ya fitar da sanarwar wannan tafiya a jaridar Le Figaro a 1886. A daidai lokacin da mai zane Claude Monet da abokansa suka fita waje suna zana hasken rana a kan ruwa da tashoshin jirgin ƙasa, Moreau ya kulle kansa a ɗaki yana zana tatsuniyoyin Girkawa da labaran Littafi Mai Tsarki, ba domin ya ba da labarin ba, sai domin ya yi amfani da shi wajen nuna abin da ido ba ya gani, kamar tsoro da sha'awa da nadama da fargabar mutuwa. Bayan 1880 ya daina kai ayyukansa Salon gaba ɗaya. Wannan janyewa ce ta haifi gidan da muke magana a kansa, domin zane-zanen sun ci gaba da taruwa ba tare da sun fita ba, har a 1895 ya kira mai zanen gine-gine Albert Lafon ya ɗora manyan ɗakunan aiki a hawa na biyu da na uku. Ya rasu a ranar 18 ga Afrilu, 1898, bayan ya yi wasiyyar barin gidan da duk abin da ke ciki ga ƙasar Faransa, bisa sharaɗin kada a raba tarin. Gwamnati ta karɓa a 1902, aka buɗe a 1903, ɗalibinsa Georges Rouault kuma ya zama mai kula da wurin na farko.

Wannan sharaɗi na wasiyya shi ne tushen duk wani abu mai kyau da duk wani abu mai wahala a ziyarar. Gidajen tarihi na zamani sukan rataye zane ɗaya a farin bango, su ba shi fili da fitila da dogon bayani a gefe. A nan kuwa bangon jaja-jaja ne, zane-zanen kuma a jere suke firam na taɓa firam tun daga kusa da ƙasa har zuwa rufi, kamar yadda ake yi a ƙarni na 19. Ba a zaɓar wa mai kallo abin da zai kalla ba. Shi zai zaɓa, kuma idan bai zo da ɗan sanin labaran ba, zai iya tsayawa a tsakiyar ɗaki ya rasa ta inda zai fara.

Hawa na farko shi ne mazaunin iyali, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Akwai ɗakin cin abinci da ɗakin kwana da ɗakin karɓar baƙi, inda aka ajiye littattafai da wasu daga cikin kwafin da ya yi a Italiya, sai kuma wani ƙaramin ɗaki da ya keɓe domin tunawa da Alexandrine Dureux, matar da ya yi shekaru sama da 20 yana tare da ita ba tare da aure ba, wadda ta rasu a 1890. Ɗakunan ƙanana ne, cike da hotunan dangi da kayan ado, kuma daga bakin ƙofa ko bayan shinge ake leƙa yawancinsu. Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne ɗan ƙaramin hoton Moreau da Degas ya zana. Ya kamata a sani cewa ba haka ɗakunan suke ba lokacin da ake zaune a ciki, Moreau ne ya sake tsara su a ƙarshen rayuwarsa domin su zama abin tunawa da mahaifansa da ƙanwarsa Camille, wadda ta rasu tana yarinya, da kuma Alexandrine. Minti kaɗan sun isa a nan, a tanadi ƙarfin ƙafa da na ido domin sama.

Idan aka fito daga waɗannan matsattsun ɗakuna aka hau hawa na biyu, sai a faɗa cikin wani makeken zaure mai dogon rufi da manyan tagogi, a ƙarshensa kuma ga matakalar nan mai murɗewa wadda ta fi duk wani zane da ke gidan yawan bayyana a hotunan masu yawon buɗe ido. Matakalar tana da kyau, babu musu, amma abin takaici ne a ga mutum ya ɗauki hotonta ya juya baya ga abin da ke jikin bango. Babban aikin da ke wannan zaure shi ne wanda ake kira Les Prétendants, wato masu neman auren matar Ulysses, gwarzo a tatsuniyoyin Girkawa, wanda Moreau ya fara a 1852, ya ƙara masa faɗi wajen 1882, kuma ya mutu bai gama ba. Tsayinsa ya haura mita uku. Labarin shi ne dawowar Ulysses gida bayan shekaru 20, inda ya tarar da samari sun mamaye fadarsa suna cin dukiyarsa, ya kuwa bi su da kibau. Wani mai zanen da gwarzon zai sa a gaba, amma Moreau ya tura shi can baya, ƙanƙani a bakin ƙofa riƙe da baka, har sai an neme shi kafin a gan shi. Gaban zanen gaba ɗaya na waɗanda ake kashewa ne, kyawawan samari da ke faɗuwa cikin ado, wasu ma kamar ba su damu da mutuwar ba, allahiya Athena kuma tana shawagi a sama cikin haske. Idan aka matsa kusa za a ga ɗinkin inda aka haɗa sabon ƙyalle da tsohon, za a kuma ga wuraren da fenti ya yi kauri kusa da wuraren da layin zanen farko kawai ke nan. Shekaru sama da 40 na canjin ra'ayi suna kwance a fili ɗaya, kuma babu hoton da zai iya nuna wannan.

A zauren akwai kuma Les Chimères, wanda ya sa wa kwanan wata na 1884, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, ya kuma bar shi kusan babu launi. Mata ne masu yawan gaske a cikin daji, kowacce tare da wata halitta da ke wakiltar mafarkinta, an zana su da siririn layi ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar tasa ta kurumce a ƙarshen rayuwarta, shi ya sa Moreau yakan rubuta mata bayanin zane-zanensa a takarda, kuma waɗannan rubuce-rubuce suna cikin abin da masana suke dogara da shi a yau wajen fahimtar manufarsa.

A hawa na uku ne ake samun Jupiter et Sémélé, wanda ya kammala a 1895, kuma shi ne babban aikin da ya kammalu a gidan. An taɓa sayar da shi, mai sayen, Léopold Goldschmidt, ya ba gidan kyautarsa daga baya. Semele mace ce 'yar adam wadda ta roƙi Jupiter, sarkin alloli a tatsuniyar, ya bayyana mata cikin cikakkiyar ɗaukakarsa, bayyanar kuwa ta hallaka ta. Moreau ya zaunar da Jupiter a kan wata karaga da ta zama gini ta zama kurmi a lokaci guda, idanunsa a buɗe tar suna kallon gaba, ba sa kallon matar ko kaɗan, ita kuma fara sol tana kwance a kan cinyarsa, jini na zuba daga gefenta. A ƙasa akwai gaggafa da allan daji Pan da siffofin Mutuwa da Baƙin Ciki, can ƙarƙashi kuma duhu ne cike da fuskoki. Babu tafin hannu ɗaya na wannan ƙyalle mai tsayin sama da mita biyu da aka bari ba ado. A ganina a nan ne ƙarfin Moreau da rauninsa suka haɗu, domin idon mai kallo ba ya samun wurin hutawa, kuma akwai lokacin da yawan duwatsun ado da furanni yake danne abin tausayin da ke tsakiya. Amma idan aka ja baya aka bar ƙananan abubuwan suka narke, sai farin jikin Semele ya fito shi kaɗai daga cikin ja da shuɗi da zinariya, a nan ne ake gane cewa duk cunkoson an yi shi ne domin wannan tabo ɗaya.

Ba nisa da shi akwai L'Apparition na fentin mai, inda Salome ta tsaya cak tana nuni da kan Yohanna Mai Baftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, kan da Hirudus ya sa aka sare bisa buƙatarta, yana tsaye a iska cikin da'irar haske, sauran mutanen fadar kuwa kamar ba su ga komai ba. Abin lura shi ne fararen layukan da Moreau ya bi ya zana a kan ginshiƙai da bango daga baya, adon da bai shiga cikin fentin ba, sai dai ya zauna a kansa kamar zanen lalle a kan fata. Haka ya yi a wani zanen na Salome, inda layukan suka rufe jikin mai rawar. Ya tattaro irin wannan ado daga mujallu da littattafan hotuna, ya gauraya na Indiya da na Masar da na Andalus da na tsofaffin majami'un Turai, shi ya sa fadar Hirudus ɗinsa ba ta yi kama da wani gini da aka taɓa yi a duniya ba. Haka ma zanen nasarar Iskandar Mai Girma a Indiya, ƙasar da Moreau bai taɓa takawa ba.

Tun da an zo nan, wajibi ne a yi wa mai karatu bayani a fili cewa tsiraici yana da yawa a gidan, na mata da na maza, akwai kuma siffanta annabawa da allolin Girkawa. Wanda hakan zai dame shi, ko wanda zai zo da yara, ya kamata ya sani tun kafin ya sayi tikiti. Akwai kuma wani abu da ya fi tsiraicin damuna, wato yadda mace a wurin Moreau take yawan fitowa a matsayin masifa, Salome da Helen da Delila da Sphinx, kyakkyawa mai sanyin zuciya wadda maza ke mutuwa a ƙafafunta. Ra'ayi ne da ya yaɗu a tsakanin masu zane da marubutan zamaninsa, kuma ganin sa ana maimaitawa daga bango zuwa bango yana gajiyarwa.

Abin da ya fi komai daraja a gidan, wanda kuma mutane da yawa suke wucewa ba su taɓa ba, yana ƙarƙashin tagogi, a bayan labule. A can aka jera alluna masu gilashi da ke juyawa a jikin bango, mai ziyara ya ja labulen, ya zauna a kan ɗan kujera, ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Zane-zanen fensir da alƙalami kusan 5,000 ne aka tanada ta wannan hanya, a hawa na uku kuma akwai wani kabad mai juyawa a tsakiyar ɗaki wanda ke ɗauke da ayyukan fentin ruwa, labule da ƙofofin suna kare su daga hasken da zai kashe launinsu. A yawancin gidajen tarihi irin waɗannan takardu suna kulle a ma'aji, sai mai bincike ya rubuta takardar neman izini kafin ya gan su. A nan kuwa duk wanda ya biya kuɗin shiga yana da damar bin hannun Salome tun daga zanen hannun wata mata da ta tsaya masa a ɗakin aiki, ya ga yadda aka gwada shi ta fuska daban-daban, aka ɗora masa awarwaro, har ya kai ga wanda ke jikin bango. Akwai dabbobi da tsuntsaye da ya zana daga gani, da tsirrai, da kwafin adon gine-gine. Mutumin da ake ɗauka mai mafarki ne kawai, sai ga shi ma'aikaci mai haƙuri wanda ba ya zana farce sai ya nazarce shi. Wannan hidima kaɗai ta biya kuɗin tikitin.

A cikin waɗannan kabad-kabad, da kuma ɗakunan ƙasa da aka gyara aka sake buɗewa a 2015, ake cin karo da ƙananan ayyukan da suka fi ba da mamaki, waɗanda babu mutum ko gini a cikinsu, sai ja da rawaya da baƙi da aka shafa da burushi ko wuƙar fenti. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko gwajin launi ne kawai domin manyan zane-zane, ko kuwa Moreau ya riga zamaninsa zuwa zanen da ba ya siffanta komai. Ni na fi karkata ga cewa gwaji ne, domin a da yawa daga cikinsu ana iya hango inda karaga ko mutum zai zauna. Duk da haka suna taimakawa wajen fahimtar wani abu da ke ɗaure kai a tarihinsa, wato yadda aka yi ajin wannan mai zanen tatsuniyoyi, wanda ya fara koyarwa a École des Beaux-Arts a 1892, ya fitar da Henri Matisse da Albert Marquet da Rouault, mutanen da suka girgiza Paris da ɗanyen launi a 1905. An san shi da tura ɗalibansa babban gidan tarihi na Louvre su kwafi magabata, ba tare da ya tilasta musu bin salonsa ba. Wanda ya kalli waɗannan ƙananan alluna ba zai ƙara mamakin alaƙarsa da Matisse ba.

Ta fuskar jin daɗin ziyara, akwai abubuwan da tsarin gidan ya jawo waɗanda ya kamata a shirya musu. Benaye ne ake hawa da ƙafa, matakalar ƙarshe kuma siririya ce, saboda haka tsofaffi da masu ciwon gwiwa da masu keken guragu za su sha wuya ko su kasa kaiwa sama. Zane-zanen da ke kusa da rufi suna da nisa, hasken taga kuma yakan yi ƙyalli a kan wasu gwargwadon lokacin yini, sai mutum ya yi ta sauya wurin tsayuwa. Bayanin da ke jikin bango kaɗan ne, akwai dai katunan bayani da ake ɗauka a ɗakunan, kuma shawarata ita ce a ɗauka, domin ba tare da su ba sunaye irin su Tyrtée da Hésiode ba za su ce wa baƙo komai ba. A gefe guda, babu irin turmutsutsun Louvre, ana iya tsayawa gaban zane ɗaya tsawon lokacin da aka ga dama, kuɗin shiga kuma bai kai na manyan gidajen tarihin birnin ba. Ba a buɗewa ranar Talata. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa su ne Trinité da Saint-Georges, duka a layi na 12.

Wanda kwanakinsa a Paris kaɗan ne, kuma bai taɓa jin sunan Moreau ba, ya fi masa ya fara da Musée d'Orsay, ya tsaya gaban zanen Orphée (wato Orpheus) na 1865 da zanen Galatée na 1880, ya ga abin da mutumin yake iya yi idan ya kai aiki ƙarshe. Idan waɗannan biyun ba su motsa shi ba, babu abin da titin La Rochefoucauld zai ƙara masa sai ciwon wuya. Idan kuwa sun riƙe shi, to ya ware rabin yini, ya zo da safe, ya wuce ɗakunan iyali da sauri, ya ba manyan zauruka awa guda, sauran lokacin kuma ya ƙarar da shi a kan kujerar da ke gaban allunan zanen fensir. Ga ɗalibin zane musamman, da mai zanen ado ko na tufafi, ina ganin wannan gida ya fi manyan gidajen tarihi amfani, kuma yana da kyau ya zo da littafin zanensa da fensir.